Dishewar murya: yadda ake jinyarta a gida, da ranar da ya kamata a daina jira

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a Damagaram, hazo ya lulluɓe duwatsun Birni, sai ka fara jin mutane suna magana kamar an shaƙe su. Mushe ya shiga aji da rabin murya, ladan ya kai ƙarshen kiran asuba da ƙyar, ɗan kamasho a tasha yana kiran Maraɗi amma iska ce kawai ke fita. Haka abin yake ga zabiya da sanƙira washegarin biki, da ƴan kallo washegarin kokawa, da masu talla bayan an tashi daga kasuwar Dole ranar Alhamis. Kusan mutum ɗaya cikin uku zai gamu da dishewar murya a wani lokaci na rayuwarsa. Mafi yawanta tana wucewa da kanta. Ɓarnar da ake yi iri biyu ce: ko a yi ta ɗura wa maƙogwaro abin da ba zai kai wurin ciwon ba, ko a zauna wata da watanni ana cewa sanyi ne.

Inda muryar take fitowa

Ɗora yatsa a kan zakaran wuyanka ka ce "aaa". Karkarwar da ka ji daga bayan wannan guringuntsin take zuwa. A can akwai ƴan tsoka biyu da wani tantani mai laushi da danshi ya lulluɓe, su ake kira igiyoyin murya. Tsawonsu kamar santimita 2 ne ga namiji baligi, kamar ɗaya da rabi ga mace. Idan kana numfashi suna buɗe. Idan za ka yi magana sai su haɗu, iskar huhu ta bi tsakaninsu ta sa su kaɗawa: wajen sau 120 a daƙiƙa ɗaya ga namiji, sau 200 ko fiye ga mace, kusan 300 ga ƙaramin yaro. Malamar da sautin da ta fitar a yini ya kai awa ɗaya cur idan aka haɗa, igiyoyinta sun bugi juna fiye da sau 700,000.

Duk wanda ya san kalangu ya san fatar da ta sha ruwa ta yi nauyi ba ta ba da sauti. Haka igiyoyin nan suke. Idan sun kumbura sai su yi nauyi, murya ta yi kauri ta koma ƙasa. Idan wani ƙullutu ya fito a gefensu ba sa haɗuwa ruf, iska tana sulalewa, murya ta yi gaushi-gaushi kamar ana jan tabarma. Idan sun bushe sai an ƙara ƙarfi kafin su motsa, mutum ya gaji da magana tun hantsi.

Ga wani abu da ya kamata a riƙe tun yanzu, domin a kansa sauran bayanin ya tsaya: abin da ka haɗiye ba ya taɓa igiyoyin murya. Lokacin haɗiya akwai wani marfi da ke rufe hanyar iska, abinci ya bi ta baya ya sauka ciki. Ranar da ɗigon ruwa ya kuskure ya kai can, ai ka san yadda ake ƙwarewa. Saboda haka zuma da citta da kanumfari da masoro da lemun tsami suna sanyaya maƙoshi, suna rage ƙaiƙayi da tari, amma ba su wanke igiyoyin ba. Abin da ke isa gare su kai tsaye shi ne abin da ka shaƙa: tururi, ƙura, hayaƙi. Ruwan da ka sha kuma sai ya bi jini, ya ɗauki awanni, kafin ya kai musu danshi.

Kwana uku na farko

Dishewar da ta zo tare da mura, ko bayan ihu da doguwar magana, ita ce ta fi yawa. Yawanci takan lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Babban maganinta hutu ne, kuma shi ne maganin da mutane suka fi ƙin sha.

Hutun murya ba wai ka zama bebe ba ne. Kwana biyu zuwa uku ka rage magana zuwa abin da ya zama dole, ka yi ta a hankali da muryarka ta kullum, ga mutumin da ke kusa da kai har hannunka zai iya taɓa shi. Wanda ya fi haka nisa, ka tashi ka je ko ka aika yaro. Kiran yara daga wancan ƙarshen gida, gardamar fada, doguwar waya, saƙon murya na WhatsApp mai minti biyar, duk a jingine su. Mafi muni ita ce magana kusa da injin niƙa, ko janareto, ko a bayan kabu-kabu yana gudu, domin a cikin ƙara mutum yana ɗaga murya bai ma sani ba.

Kada ka koma raɗa. Mutane suna ɗauka raɗa tausaya wa murya ce, alhali yawancinmu idan muna raɗa muna ƙanƙance maƙogwaro ne muna tura iska da ƙarfi ta kan tantanin da ya riga ya kumbura. Magana a hankali ta fi raɗa sauƙi.

Sai gyaran murya da kaki. Duk "ehem" ɗin da ka yi, igiyoyin ne ka gwara da ƙarfi. Gwarawar tana sa su ƙara fitar da majina, majinar ta sa ka sake gyaran murya, haka abin zai yi ta zagayawa. Idan ka ji abu ya tsaya maka, ka kurɓi ruwa ka haɗiye da ƙarfi, ko ka fitar da iska a hankali kamar mai hura madubi, sannan ka haɗiyi yawu.

Ruwa kuma a sha lita 2 a yini, kaɗan-kaɗan, ba a kwankwaɗe shi zama ɗaya ba. A watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, mai aiki a rana yana buƙatar fiye da haka. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne fitsari: idan ya yi ja-ja ruwan bai isa ba, idan ya yi fari-fari an kai. A hunturu ne aka fi yin sake, don ƙishirwa ba ta damun mutum amma iskar tana tsotse danshin jiki. Batun cewa ruwan sanyi ne ke kashe murya, ba shi ne tushen ciwon ba. Wanda yake jin yana tayar masa da tari ya sha mai ɗumi, amma kada ya rage sha saboda tsoron sanyi.

Yadda ake sirace

Tafasa ruwa kamar lita ɗaya, ka sauke, ka bar shi minti biyu ko uku zafin farko ya wuce. Zuba a kwano mai faɗi, ka ajiye a wurin da ba zai kife ba, ba a kan cinya ba. Ka lulluɓa da zane, fuskarka nesa da ruwan kamar santimita 30, ka riƙa shaƙa a hankali ta hanci da ta baki har minti 10. Sau biyu ko uku a yini ya isa.

Ruwa zalla ake so. Man zafi da ake jefawa a ciki yana sa mutum ya ji kamar hanci ya buɗe, amma yana iya ƙona tantanin da ya riga ya ji jiki. Haka alewar nan mai sanyaya maƙoshi: tana ɓoye zafin, sai mutum ya ci gaba da maganar da ya kamata ya bari. Ƙananan yara ba a yi musu irin wannan sirace, ƙunar ruwan zafi ta fi dishewar haɗari. Mai azumi kuma ya bari sai bayan an sha ruwa, don malamai da dama suna ganin tururin da aka shaƙa da gangan yana taɓa azumi.

Da dare a rataya jiƙaƙƙen zane a ɗaki. A yayyafa ruwa kafin shara. Idan za a fita cikin hazo a rufe hanci da baki da amawali ko mayafi ko takunkumi, kuma a yi numfashi ta hanci, shi ne ke tace ƙura ya ɗumama iska ya jiƙa ta. Turaren wuta a rufaffen ɗaki, maganin sauro mai hayaƙi, da tsayuwa a kan murhun itace jiƙaƙƙe duk suna maida hannun agogo baya. Sigari da shisha kuwa ba sai an faɗa ba.

Magungunan da ake saye a tebur

Yawancin dishewar mura ƙwayar cutar bairos ce ke kawo ta, kuma amoksisilin da ƴan uwansa ba sa kashe bairos. Wanda ya sha ya ga ya warke a kwana na biyar, da bai sha ba ma a kwana na biyar ɗin zai warke.

Wanda ya fi damun masu duba maƙogwaro shi ne deksa, wato deksametazon, da sauran danginsa, waɗanda mawaƙa da masu wa'azi suke sha idan suna da taro gobe. Gaskiya ne yana sauke kumburi cikin awanni, murya ta dawo. Amma raunin yana nan, sai mutum ya hau kansa da ƙarfi yana zaton ya warke. Nan ne jijiyar jini ke iya fashewa a cikin igiyar. Ban da haka yana tayar da sukari da hawan jini, yana cin ciki, kuma idan tarin fuka ne a ɓoye yana ba shi fili. Likita na iya bayar da shi na ƴan kwanaki bayan ya duba. Mai tebur ba ya dubawa.

Idan akwai zafi ko zazzaɓi, farasitamol ya wadatar: ga babba ƙwaya ɗaya ko biyu ta miligiram 500, tsakani awa shida, kada a wuce ƙwaya shida a yini. Asfirin ya fi kyau a kauce masa idan muryar ta dishe ne bayan ihu, don yana sauƙaƙa zubar jini, sai dai wanda likita ya ɗora a kansa saboda zuciya.

Wasu magungunan su ne ma sanadin. Abin fesawa na masu asma, irin wanda ake shaƙa kullum don rigakafi, yana dishe murya idan ba a kurkure baki da maƙoshi bayan kowace shaƙa ba. Ƙwayoyin mura masu sa barci suna busar da maƙogwaro. Wasu magungunan hawan jini, kamar kaptofiril da enalafiril, suna kawo busasshen tari mara ƙarewa wanda ke gwara igiyoyin dare da rana. Kada a daina sha da kai, a faɗa wa wanda ya rubuta ya canza.

Sai batun beli. Har yanzu akan kai mai dishewa ko yawan tari wurin wanzami a cire masa hakin wuya. Belin yana can sama a ƙarshen ganɗa, igiyoyin murya suna can ƙasa a bayan zakaran wuya. Yanke wannan bai gyara wancan ba, kuma ana iya samun zubar jini mai yawa, ko ƙwayar cuta ta shiga, har da tetanos.

Idan da safe ne ta fi tsanani

Mutumin da ke tashi da murya a dishe, da ɗaci a baki, da jin kamar wani abu ya tokare masa wuya, sannan muryar ta ɗan washe da hantsi, a fara zargin ruwan tsamin ciki da ke hawowa cikin dare. Ba lallai ne ya ji ƙwannafi ba. Tantanin maƙogwaro ba shi da juriyar na hanyar abinci, ɗan kaɗan ya ishe shi.

Gyaran yana cikin tsarin cin dare. A bar awa uku tsakanin tuwo da kwanciya. A rage maiƙo da yaji da soye-soye da dare, da shayin fada mai ɗaci da ake kaiwa tsakar dare ana sha, da goro, da lemun kwalba. A ɗaga kafafun gado na wajen kai da bulo kamar santimita 15. Tara matasai ba ya yi, lanƙwasa mutum yake ya ƙara matse ciki. Kwanciya a gefen hagu tana taimakawa. A watan azumi, komawa barci nan take bayan sahur mai nauyi shi ke kashe muryar masu tafsiri da limaman asham fiye da karatun kansa. Idan likita ya ba da omefirazol, ana shansa minti 30 kafin abincin safe, kuma maƙogwaro yakan ɗauki wata biyu ko uku kafin ya nuna sauƙi, ba kwana uku ba.

Ga wanda muryarsa ce jarinsa

Hannun manomi yana yin kanta a inda fartanya ke gugarsa. Igiyoyin murya ma suna yi: ƴan ƙullutai biyu masu fuskantar juna, daidai inda bugun ya fi ƙarfi. An fi ganinsu ga mata masu koyarwa da masu waƙa, da yara maza masu yawan ihu. Alamarsu ita ce muryar da ke fita lafiya ranar farkon mako, ta gaji kafin ƙarshensa, ta dawo a hutu, har wata shekara ta ƙi dawowa. Tun suna da taushi, canza yadda ake magana yana narkar da su. Idan sun daɗe sun ƙandare, sai an haɗa da aikin tiyata.

A aji mai ɗalibai da yawa, kada murya ta zama bulala. Tafi, ko ƙararrawa, ko buga tebur su ne na sa shiru. Kada a yi bayani ana fuskantar allo, a gama rubutu a juyo. A tsaya a tsakiyar aji maimakon can gaba. A goge allo da jiƙaƙƙen tsumma saboda ƙurar alli. A tsara darasi yadda bayan kowace awa za a samu minti 10 na shiru, yara suna rubutu ko ɗaya yana karantawa. Ƙaramar lasifika ta ratayawa, wadda ake caji, ta fi duk wani magani araha idan aka yi lissafin shekara. Mai lasifika kuma ya bar ta ta yi aikinta: da yawa suna riƙe da makirufo suna ihu kamar babu shi.

Ƙarfin murya daga ciki yake zuwa, ba daga wuya ba. Ɗora hannu a cibiya ka ja numfashi. Idan cikin ne ya taso, daidai ne. Idan kafaɗu ne suka ɗaga, jijiyoyin wuya suka fito, da wuya kake magana. Kada ka ja jimla har iska ta ƙare ƙaf kana matso ƙarshenta, ka tsaya ka sake ja.

Ladan da zai tashi daga barci ya ɗaga murya zuwa ƙololuwa, kamar mai tayar da babur ne da sanyin asuba ya murɗa totur gaba ɗaya. Minti biyar sun isa a ɗumama ta: a kurɓi ruwa, a rufe baki a yi "mmm" a hankali har a ji leɓɓa suna karkarwa, a hau da sautin a sauko da shi sau da yawa. Akwai kuma atisayen tsinken shan lemu. A zuba ruwa rabin gora, a nutsa bakin tsinken santimita 2 zuwa 3 cikin ruwan, a riƙa cewa "uuu" ta cikinsa ruwan yana ɓulɓula a hankali, minti uku zuwa biyar. Iskar da ke komowa baya tana ɗan raba igiyoyin, su kaɗa ba tare da gwaruwa ba. Ana yi kafin aiki da bayan an tashi. Idan ka ji wuya yana ɗaurewa, ka nutsa tsinken da yawa ne ko kana hurawa da ƙarfi.

Wanda muryarsa ta ɗauke farat ɗaya yana tsakiyar waƙa ko ihu, musamman da ɗan zafi a gefe ɗaya, ya yi shiru ɗungurungum daga wannan lokacin, ya nemi a duba shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Sau da yawa jini ne ya zuba a cikin igiyar, kuma ci gaba da magana a kai yana barin tabon da ba ya gogewa.

Yara

Saurayin da muryarsa ke fashewa lokacin balaga ba ciwo ba ne. Almajirin da ke ɗaga murya a karatun allo safe da dare kuma yakan dishe, maganinsa a sassauta masa. Amma yaro mai tari kamar haushin kare da ƙara idan yana jan numfashi, ko wanda ramin wuyansa da tsakanin haƙarƙarinsa ke lotsawa, ko wanda yawu ke dalala ya kasa haɗiya, asibiti za a nufa ko da tsakar dare ne. Haka wanda ya ƙware yana cin gyaɗa muryarsa ta canza nan take. Idan akwai zazzaɓi, wuya ya kumbura, ga wani farin abu mai kama da toka ya shimfiɗu a maƙoshi, a yi zargin mashaƙo. Jihar Zinder ta ga ɓarkewarsa a 2023, musamman wajen Matamaye. Rigakafinsa yana cikin allurar da ake yi wa jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14. Yaron da muryarsa ke ƙara dishewa wata bayan wata, numfashi yana ƙara wuya, yana iya zama wasu ƴan tsiro ne a kan igiyoyin, kuma sau da yawa akan ɗauka asma ce har su kusa toshe hanya.

Mako uku

Rubuta ranar da muryar ta dishe. Idan mako uku ya cika ba ta dawo ba, lokacin jinyar gida ya ƙare, ko da babu zafi ko kaɗan. Rashin zafin nan shi ke yaudarar mutane: sankarar igiyar murya takan fara ne da dishewa kaɗai. Idan aka kama ta a nan, mafi yawa ana warkewa, sau da yawa har muryar ta tsira. Wanda ya haura shekara 40 yana shan sigari, balle ya haɗa da giya, kada ma ya cika mako ukun.

Ba a jiran komai idan akwai jini a kaki, ko wahalar haɗiya, ko ciwon kunne ɗaya alhali kunnen lafiya lau, ko ƙullutu a wuya, ko rama, ko numfashi mai ƙara. Haka dishewar da ta biyo bayan bugu a wuya a haɗarin babur, ko shaƙar hayaƙin gobara, ko kumburin fuska bayan harbin zuma ko shan wani magani.

Tari fiye da mako biyu da zufar dare da rama, tare da dishewa, sai a kai kaki a gwada. Tarin fuka yana hawa maƙogwaro, kuma mai irin wannan yana saurin yaɗa shi ga mutanen gida. Maganinsa wata shida ne, kyauta ake bayarwa. Mai maƙoƙo, ko wanda aka yi wa aikin maƙoƙo, jijiyar da ke motsa igiyar murya tana bi ta nan kusa. Idan ta taɓu, murya takan zama iska-iska, mutum yana ƙwarewa da ruwa.

A fara da CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, a nemi takardar turawa zuwa sashen kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake kira ORL, a babban asibitin ƙasa na Zinder. Haska fitila a baki ba ya nuna igiyoyin murya. Sai an sa ɗan madubi a can ƙarshen maƙoshi, ko an zura siririyar igiya mai fitila ta hanci bayan an fesa maganin kashe zafi, ana sa mutum ya ce "iii". Mintuna kaɗan ne. A tafi da kwalayen duk magungunan da ake sha, har da na tebur da na gargajiya, a faɗi gaskiyar yawan sigari da shekarun da aka yi ana sha. Idan likita ya ce zai ɗebi ɗan nama a gwada, ba yanke hukunci ya yi ba, ita ce hanyar da ake rarrabe tsakanin kantar igiya da ƙari da tarin fuka. Wanda aka yi wa aiki a igiyar kuma akan sa shi shiru na wasu kwanaki har zuwa mako guda, sannan ya dawo da magana kaɗan-kaɗan. Ya tanadi littafi da biro tun kafin ranar, ya kuma gaya wa masu zuwa dubiya cewa da hannu zai amsa gaisuwa.